Keken Hawan Dutse: Abin da Ya Kamata Iyaye Su Sani

Maganarmu ta wannan wata a kan keke ta ke. Dattawa da yawa a nan Saint-Fons da Vénissieux suna kuka, wai yara sun matsa musu sai a saya musu wani irin keke mai kaurin taya, mai tsada, su tafi da shi daji ran Lahadi, su komo da taɓo har wuya. Waɗansu iyaye sun hana ƙememe, waɗansu kuwa sun biya kuɗi sun kau da kai. Mu dai a ganinmu duka biyu da gyara, gama wanda ya hana bai san abin da ya hana ba, wanda ya biya kuma bai san inda ɗansa ya ke zuwa ba. Saboda haka muka ga ya kamata mu bayyana yadda abin ya ke, don kowa ya yanke shawara da sani.

Shi wannan keke Faransawa suna ce da shi VTT, watau keken da ke bin kowace irin ƙasa. Asalinsa daga Kalifoniya ta Amurka ne, inda waɗansu samari suka riƙa gangarowa daga dutsen Tamalpais a kan tsofaffin kekuna, har suka fara tsere a 1976. A nan Faransa an yi tseren Roc d'Azur na farko a 1984, a 1996 kuma wasan ya shiga Olimfik a Atlanta. Da aka yi Olimfik na Faris a 2024, wata Bafaranshiya, Pauline Ferrand-Prévot, ita ce ta ci zinariya a tudun Élancourt. Bambancinsa da keken gari shi ne taya mai kauri mai haƙora, da giya da yawa don hawan tudu, da birki mai kamawa ko cikin ruwa, da ƙarfe mai lotsawa a gaba wanda ke shanye girgiza.

To, dattawa, in kun duba da kyau abin ba baƙo ba ne gare ku. Wanda ya taɓa ɗaura kayan koli a bayan Rali, ya bi burtali da yashi da kwazazzabo daga kasuwar wannan ƙauye zuwa ta wancan, ai ya san hawan keke a inda babu kwalta. Abin da ku kuka yi don neman abinci, shi ne Turawa suka mayar wasa da motsa jini, suka shata masa hanyoyi, suka kafa masa alamu.

Garinmu yana bakin kogin Rhône, a tsakiyar masana'antun haɗa sinadari, ga kuma matatar mai ta Feyzin a kudu da mu. Yaron da ya tashi a nan, in ba a kai shi ba, sai ya zaci ƙasar duka bututu ne da hayaƙi. Alhali kuwa duwatsu da kwaruruka sun kewaye Liyon, kuma ko wanne da irin nasa wuya.

Mafi sauƙi ita ce hanyar bakin kogi wadda a ke kira ViaRhôna. Ta taso daga tafkin Janiba ta bi Rhône har Bahar Rum, tsawonta kilomita 815, galibinta shimfiɗe. Kudu da Vienne ta ratsa ta wajen Condrieu, kogi a hannu ɗaya, gonakin inabi rataye a jikin tudu a ɗaya hannun. A arewa maso gabas da Liyon kuma akwai babban filin Miribel-Jonage, hekta 2,200 na tafkuna da kurmi, nan ne ya dace da mai koyo da ƙananan yara.

Wanda ƙafarsa ta yi ƙwari sai ya nufi yamma, wajen duwatsun Monts du Lyonnais, inda rafukan Garon da Yzeron ke gangarowa zuwa Rhône. A Chaponost mutum zai wuce ta gindin bakunan ginin da Rumawa suka yi don jawo ruwa daga kwarin Gier zuwa Liyon, tafiyar kilomita 86, ga shi har yau yana tsaye. A arewa akwai Monts d'Or, ƙololuwarsu Mont Verdun kamar mita 625. Babbansu duka shi ne Pilat a kudu, bayan Givors, wanda aka mayar gandun da a ke kiyayewa a 1974, ƙololuwarsa Crêt de la Perdrix ta ɗara mita 1,400. Can sanyi da hazo su kan sauko ba sallama, ko da a ce an bar Saint-Fons da rana tsaka tana ƙuna. A wannan dutse ne, a mashigin Col de la République, aka kafa abin tunawa da Paul de Vivie na Saint-Étienne, wanda ya rasu a 1930, mutumin da ya yi ta faɗi-tashi don a karɓi keke mai canjin giya.

Yanzu ga abin da mu ke so kowane uba ya riƙe, ko da bai taɓa hawa keke ba. Hanyoyin nan suna da alamu a jikin itace da turaku. Alamar ita ce siffa mai kusurwa uku da ƙananan da'ira biyu a gindinta, inda tsininta ya nuna nan za a bi. Rawaya ta zagayen kusa ce, ruwan ƙasa ta cikin gandu irin na Pilat, ja kuwa ta doguwar tafiya ce wadda a ke kwana a hanya. Sa'an nan kowane zagaye yana da lamba, launin lambar shi ke faɗin wuyarsa: kore mai sauƙi ƙwarai, shuɗi mai sauƙi, ja mai wuya, baƙi sai gwanaye. Ke nan in yaro ya ce zai fita, tambaya uku ta isa: wane gari za ku faro, wace lamba, wane launi? Yaron da ya sami keke jiya ya ce maka baƙi zai bi, ka san abin da za ka gaya masa. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Haɗarin da ke ciki ba mu ɓoye muku shi. Na farko faɗuwa, kuma kai ne abin tsoro. Daga Maris 2017 doka ta wajabta hular kwano ga yaron da bai kai shekara 12 ba, mu kuwa muna cewa babba ma kada ya hau dutse kai sake. Na biyu maharba. Daga Satumba zuwa ƙarshen Fabrairu lokacin farauta ne, in an ga allo an rubuta "Chasse en cours", watau ana cikin farauta, sai a juya. A Oktoba 2018 harsashin maharbi ya kashe wani Baturen Ingila a kan kekensa a Montriond ta jihar Haute-Savoie, don haka a sa riga mai haske. Na uku ruwa. Rafin da ka ƙetare da ƙafa jiya ya kan zama kogi yau, kowa ya tuna yadda Gier ya cika ya shiga Givors da Rive-de-Gier ran 17 ga Oktoba 2024. In an yi ruwa mai yawa a bar kwari sai ya janye. Lambar neman agaji 112 ce, a sa yara su haddace ta.

Bayan haɗari sai haƙƙin mutane, wannan kuwa ya shafi sunanmu duka. Kashi uku cikin huɗu na dazukan Faransa mallakar mutane ne, hanyoyi da yawa kuma ta gefen gonaki da makiyaya suka bi, da yardar masu su. Wanda ya san rigimar da a ke yi a gida in shanu sun bar burtali sun shiga gero, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Kada a bar hanyar da aka shata. Ƙyauren shinge in an buɗe a rufe. 'Ya'yan itacen lambu ba na mai wucewa ba ne. Mai tafiya a ƙasa shi ke da hanya, a rage gudu, a gaishe shi, kāna a wuce. Yaro ɗaya in ya yi rashin kunya a ƙauye, ba sunansa za a riƙe ba, cewa za a yi yaran baƙi ne.

Game da kuɗi, ku 'yan kasuwa kun fi mu sani. Ba lalle sai sabo ba, na hannu mai lafiyayyen birki ya ishi mai koyo, amma a nemi takardar saye, gama keken sata ya yi yawa a gari. A haɗa masa famfo da faci da gorar ruwa. Dattijon da gwiwa ta fara yi masa gardama kuma akwai keke mai batir, wanda doka ta ce injinsa ya daina taimako in gudu ya kai kilomita 25 a awa.

Shawararmu ita ce kada yaro ya fita shi kaɗai, a bar su su tafi uku ko huɗu da babba guda, a san inda suka nufa da lokacin komowa. In da hali uba ya bi su ko sau ɗaya zuwa Miribel-Jonage, ya ga wurin da idonsa, gani ya kori ji. Allah ya kiyaye mana zuriya, ya kai su lafiya ya komo da su lafiya. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.