Ra'ayinmu: Gandu na watsewa, ɗan barema ba shi da mai kare shi

Duk wanda ya bi hanyar Maraɗi zuwa Tasawa da asubar watan Yuli, zai ga samari da magidanta, hauya a kafaɗa, sun nufi gonakin da ba nasu ba. Ƴan barema ne. Galibinsu suna da ƴar gonarsu, ita ma tana jiran noman fari, amma rumbu ya ƙare tun bazara, iyali kuwa ba su jiran kaka kafin su ci. Sai mutum ya sayar da yininsa ga mai hali don kuɗin tiya ɗaya ko biyu ta hatsi. Kafin ya waiwayi tasa gonar, haki ya shanye ta. Da kaka ya ɗaure damma kaɗan, baɗi ya fita barema tun da wuri.

A da, gandu ke tsare talaka daga wannan. Mai gida ne ke riƙe da babbar gona, ɗiya da ƙanne su yi mata kwana huɗu ko biyar a mako, sauran kwanakin kowa ya nufi gamanarsa. Shi kuma ciyarwa tana wuyansa, da haraji, da auren fari na kowane ɗa. Yarjejeniya ce, ko da ba a rubuta ta ba, kowa kuma ya san abin da yake bin wani.

Ƙasa ce ta fara yin kaɗan. Ƙidayar 1988 ta sami ƴan Nijar miliyan 7 da ƴan kai; ta 2012 ta sami fiye da miliyan 17, jahar Maraɗi kaɗai tana da miliyan 3 da dubu 400. Gona ba ta haihuwa, gado kuwa sai ƙara yanka ta yake. Da wuri ya matse, gamanar mata aka fara karɓewa, har a kudancin Maraɗi abin ya samu suna: kublen gona. Wasu mazan suna fakewa da addini, alhali filin ne babu.

Sai dai mu faɗa wa iyayenmu gaskiya, tare da girmamawa. Akwai mai gidan da zai aikatar da ɗa mai shekara 25 damina cur, ya sayar da gyaɗa da wake, ya ƙara aure da kuɗin, yaron ko riga bai gani ba. In wannan yaro ya kama hanyar Kano ko Libiya, ko wurin haƙar zinariya na Jado, bai dawo shuka ba, kada a ce tarbiyya ce ta lalace. Wanda ya fara warware alkawarin gandu yana zaune cikin zaure.

Ina doka? Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, ta yi maganar mai gona da makiyayi, amma hannun da ke riƙe da hauya bai sami wani rabo a ciki ba. Dokar ƙwadago ta 2012 ta hana ɗaukar yaro aiki kafin shekara 14. Masu binciken aiki kuwa a manyan birane suke zaune, yaran da ke dashen albasa a gefen Galmi ko suke bin shanun attajirai a dajin Dakoro ba su san da su ba. Makiyayin haya ma haka yake: in saniya ta ɓata shi ke biya, in ta haihu ba shi da ko ɗan maraƙi.

Abin da muke nema ga magabata bai fi ƙarfinsu ba. Hatsin rahusa na OPVN ya isa ƙauyuka tun farkon saukar ruwa, lokacin da talaka ke zaɓe tsakanin gonarsa da cikin ɗiyansa. Wanda ya zo a watan Satumba ya tarar an gama ɓarna. Sarakuna da masu gari su sa a yanka ladan yini a bainar jama'a kafin shuka, a kuma biya ranar da aka yi aikin, domin “dawo ranar kasuwa” ta cinye guminsu da yawa. Kwamitocin filaye su riƙa rubuta gamanar mace da ta saurayi da sunan mai ita, don kada mutuwar mai gida ko saki su raba mutum da wurin da ya shekara goma yana zuba wa taki.