Gurgu Ba Mabaraci Ba Ne

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, ina da ƙorafi a kan al'ummarmu, kuma da labarin wani likita Bayahude, Ludwig Guttmann, zan kafa hujja.

An haife shi a 1899 a ƙasar Jamus ta wancan zamani, ya ƙware a aikin jijiya da laka. Da Hitila ya hau mulki a 1933, sai aka kore shi daga asibitin gwamnati a Breslau, ba don wani laifi ba sai don asalinsa. Ya koma asibitin Yahudawa. A Nuwamba 1938, daren da aka ƙone wuraren ibadarsu, ya kwantar da mutum 64 da sunan majinyata, 60 suka tsira daga kamun 'yan sandan ciki. A 1939 ya tsere Ingila.

A 1944 aka ba shi sashen masu karayar laka a asibitin Stoke Mandeville. A lokacin, wanda ƙashin bayansa ya karye mutuwa kawai ake jira masa. Guttmann ya ƙi yarda. Ya sa ana juya su dare da rana don kada gyambon kwanciya ya cinye su, sannan ya ba su kwari da baka. Ran 29 ga Yuli 1948 mutum 16 suka yi gasar harbi a kan kekunansu. Daga nan wasannin Paralamfik suka samo tushe, aka fara su a Roma a 1960.

To, mu fa? Ku tsaya a mararrabar Dayi, ko tashar Malumfashi da Funtuwa, ku ga samarin da shan-inna ta naƙasa suna bin motoci da ƙoƙon bara. Mun naɗa musu Sarkin Guragu, mun hana su makaranta da sana'a. Muna jefa musu kwabo don mu sami lada, ba don su tsaya da kansu ba. Wannan tausayi ne ko raini?

Kada wani ya ce mini ba za su iya ba. A Landan a 2012 lafiyayyun 'yan wasan Nijeriya sun dawo hannu rabbana, naƙasassunmu kuwa suka kawo lambobi 13, shida na zinariya.

Jamus ta yar da Guttmann, Ingila ta tsinci dami a kala. Mu ma kullum muna yar da namu a bakin titi. Allah ya ganar da mu, amin.