Babbar Tablet Ko Laftof Ta Hannu? In Kuɗinka Na Abu Ɗaya Ne, Karanta Wannan

Duk lokacin da za a koma karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutse ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha, tambayar nan sai ta taso: in sayi tablet mai inci 12 ne ko laftof? Ni a ganina, in kana da wayar Android a aljihu, kuma kuɗinka ba za su sayi biyun ba, laftof za ka saya.

Babbar tablet dai wayarka ce aka faɗaɗa wa fuska. Manhajojin nan da ka saba da su, su za ka tarar a ciki. Za ka ji daɗin kallo da karanta littattafan PDF, wannan ba musu. Amma ranar da ka ce za ka koyi abin da zai kawo kuɗi, nan za ka ga iyakarta. Android Studio, wadda ake gina manhajojin Android da ita, ba ta hawa kan tablet ɗin Android. Kwamfuta take so, mai RAM aƙalla 8GB. Excel na tablet ba ya duk abin da na kwamfuta yake yi. Ana iya rubuta Python ta Termux, amma wahalar da mai koyo zai sha wajen saita ta kaɗai ta isa ta kashe masa gwiwa. Masu shirin shiga horon 3MTT, wanda gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, su lura da wannan. Ko jarrabawar JAMB ma a gaban kibod ake yin ta.

Za a ce ai ana haɗa wa tablet kibod da linzami. Haka ne. To ka haɗa kuɗin tablet ɗin da na waɗannan kayan, ka tafi titin Beirut a Kano ka tambayi farashin HP EliteBook ko Lenovo ThinkPad ta hannu, sannan ka kwatanta.

Hujjar masu son tablet da nake ɗauka da muhimmanci guda ce: wuta. Wanda ke zaune a Kiyawa ko Jahun ya san yadda ake yini ana jiran KEDCO. Tablet tana daɗewa da caji, ƙaramin fawa bank ma ya ishe ta, alhali laftof ta hannu sau da yawa batirinta ya riga ya gaji. Saboda haka ka nemi wadda ake cajinta ta USB-C, domin fawa bank mai ƙarfin wat 65 zai iya ɗaukar ta. Ka sa mai shago ya cire caja, ka zauna ka ga yadda batirin ke sauka. Kada kunya ta hana ka, kuɗinka ne.

Akwai wani tarkon kuma. Microsoft ta tsayar da tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa Intel zubi na 8 zuwa sama take karɓa a hukumance. Duk arhar da aka yi maka a kan zubi na 6, ka wuce abinka.

Mai zane da alƙalamin sikirin, da mai nazarin da karatu kawai yake so, su kam tablet ta dace da su, kuma mai inci 10 ma ta wadatar.