Daga Bakin Zongo: Kabari Ma Shaida Ne

Zancenmu na wannan wata a kan maƙabarta ne, da wanda ke da ikon cewa a nan za a rufe wane.

A Ingila ta zamanin da, manyan masu ƙasa kowa da kotunsa, wasu har da ikon rataye ɓarawon da aka kama da kayan sata a yankinsu. Gungumen ratayar da mutum ya kafa shi ne shaidar cewa yankin nasa ne, shi ya sa maƙwabta kan yi shari'a a kansa. Majami'u su ma sukan yi jayayya a kan gawa saboda kuɗin binnewa. A 1278 Sarki Edward na Ɗaya ya sa alƙalai su bi masu irin wannan iko, kowa ya nuna inda ya samo izini.

Kada mai karatu ya ce wannan labarin Turawa ne, ya duba Yendi. An sauke Ya-Na Mahamadu Abdulai a 1974, ya rasu a 1988. Gidan Abudu suka ce sai an yi masa bikin makoki a fadar Gbewaa, domin yin haka ke tabbatar da cewa ya yi sarki, gidan Andani suka ƙi. Aka kashe Ya-Na Yakubu Andani a Maris 2002, ba a rufe shi ba sai Afrilu 2006. Sai da kwamitin manyan sarakuna ƙarƙashin Sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu na Biyu, ya sasanta, aka yi makokin Mahamadu a fadar a Disamba 2018, shekara 30 bayan rasuwarsa, sa'an nan aka naɗa sabon Ya-Na a Janairu 2019.

To, mu mutanen zongo fa? Kakanninmu fataken goro sun zauna Salaga suna ciniki, masu masauki da malamai suna raba musu gardama, amma ƙasa ta Sarkin Kpembe ce. Da yaƙin gidan sarautar Kpembe ya tashi a 1892, sai suka watse zuwa Kete Krachi da Yeji, suka bar kaburburan iyayensu a baya. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba.

Tambayata ga sarakunan zongo da limamai, daga Salaga har Bawku, ita ce: filin da muke rufe mamatanmu, ina takardarsa? Kyautar da sarkin gari ya yi wa kakanka da baki, idan shaidu suka ƙare, gari ya bunƙasa, fili ya yi tsada, da me za ka kare ta? A je a gaida masu ƙasa cikin ladabi, a auna filin, a rubuta, a yi rajista a ofishin filaye, a kewaye shi da katanga. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da Gana lafiya. Sai wata mai zuwa.