Kwalabe Biyu Sun Fi Hadda

Shekaru aru-aru ana ɗauka cewa ruɓaɓɓen nama ne ke haifar da tsutsa. Wani likitan Italiya, Faransisko Redi, ya lura ƙudaje na sauka kan naman, sai ya yi hasashen cewa ƙwansu ne ke zama tsutsa. Ya zuba nama cikin kwalabe, ya rufe wasu, ya bar wasu a buɗe. Tsutsa ta fito a buɗaɗɗun kaɗai. Ya wallafa sakamakon a 1668.

Matakan bincike ke nan: lura, tambaya, hasashe, gwaji, rahoto. Ɗalibin da ya haddace su bai taɓa gwadawa ba, da sauransa. Ya kamata malamai su ba ɗalibai nama da kwalabe biyu, domin gani ya kori ji.