Ra'ayinmu: Daga Tebaram zuwa Tawa, wa zai binciki ciwon asibitinmu?

Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Duk wanda ya taɓa ɗauko maras lafiya daga wani ƙauye na ƙaramar hukumar Tebaram, ya sha rairayi a amalanke ko a bayan babur, ya jira motar kasuwa har rana ta take, ya san cewa wahalar tafiya ba ta ƙarewa a bakin ƙofar asibiti. Daga ƙofar zuwa gaban ma'aikacin jinya akwai wata tafiyar, gajeruwa ce a ƙafa, amma talaka ya fi jin tsoronta. Wa zai gaishe shi? Wa zai tambaye shi da harshen da yake ji? Wa zai gaya masa abin da ke damun matarsa, da dalilin rubuta masa wannan doguwar takardar magani? A ganin wannan jarida, waɗannan tambayoyi aikin jami'a ne, kuma lokaci ya yi da jami'ar da ke Tawa za ta ɗauke su.

Ba yau masana suka fara duba al'amarin ba. A 1994 Yannick Jaffré, masanin halayyar al'umma, da likita Alain Prual sun wallafa bincikensu a kan ungozomomin asibiti a Nijar, inda suka nuna yadda ungozoma ke tsaye tsakanin abin da aka koya mata a makaranta da abin da al'adar gida ke nema a wurinta. A 2001 aka kafa cibiyar LASDEL a Yamai, wadda aikinta shi ne nazarin yadda ma'aikatun gwamnati ke gudana a zahiri, kuma kiwon lafiya na cikin manyan fannoninta. A 2003 Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka fitar da littafin Une médecine inhospitalière, wato likitancin da ba ya maraba da baƙo, bayan masu bincike sun daɗe suna zaune a asibitocin Abijan, Bamako, Konakiri, Dakar da Yamai, suna kallo, suna saurare, suna rubutawa.

Abin da suka gani kusan iri ɗaya ne a biranen biyar. Maras lafiyar da ba ya da kowa yana shan jira, a duba shi cikin gaggawa, a sallame shi ba tare da bayani ba. Wanda ke da ɗan uwa ko aboki ko sanayya a ciki yana wucewa gaba. Ana karɓar kuɗin da babu shi a kowace takarda. A ɗakunan haihuwa ana tsawa, wani lokaci har da abin da ya fi tsawa. Masu binciken sun kuma nuna ɗaya gefen: ma'aikaci mai ƙaramin albashi, ba kayan aiki, ba mai duba aikinsa, ba ladar ƙwazo, ba hukuncin sakaci, wanda ya tarar da waɗannan ɗabi'u tun ranar da ya fara koyon aiki, ya kuma gaje su kamar yadda ake gadon riga. Ma'aikatan gwamnati da suka rayu a shekarun 1990, lokacin da albashi ke yin watanni bai zo ba, da lokacin da aka karya darajar kuɗin CFA a Janairun 1994, sun san ƙasar da wannan ƙaya ta tsiro a cikinta.

Yau fiye da shekara 20 ke nan da fitowar littafin. Muna tambaya: mutum nawa ne cikin masu aikin jinya a Adar suka taɓa jin abin da ke cikinsa? An rubuta shi da Faransanci, an buga shi a Paris, kuma manyan birane ya duba. Baƙauyen da aka yi maganarsa a ciki ba ya iya karanta shi, ma'aikacin da ke zaune shi kaɗai a asibitin karkara kuwa ba ya da inda zai same shi. Ilmin da ya tsaya a kan kanta daidai yake da maganin da aka kulle a sito alhali maras lafiya na kwance a tsakar gida.

Abin lura shi ne, idan maganar kuɗi ce, hukumominmu sun iya sauraren masu bincike. Bayan shirin Bamako na 1987, an yi gwajin biyan kuɗin magani a 1993 a Boboye da Say, aka ɗauki Illela, a nan jihar Tawa, a matsayin ma'aunin kwatanci, daga baya tsarin ya game ƙasa. A 2005 da 2006, zamanin shugaba Tandja Mamadou, aka ɗauke wa mata kuɗin fiɗar haihuwa, aka mayar da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Olivier de Sardan da Valéry Ridde sun bi sawun wannan mataki a littafin da suka fitar a 2014, suka nuna cewa jama'a sun ƙaru a asibitoci, amma jinkirin gwamnati wajen biyan asibitocin kuɗinsu ya bar su da bashi da ƙarancin magani, ma'aikacin jinya kuma shi ke shan zagin uwar da aka yi wa alkawarin kyauta. A 2024 hukumomi sun sake rage farashin ayyukan asibitocin gwamnati. Duk matakai ne masu amfani. Sai dai an daɗe ana auna abin da maras lafiya ke biya, ba a cika auna yadda ake tarbarsa ba.

Wani zai ce wannan maganar ladabi ce kawai, ba ta kashe kowa. Mun ƙi yarda. A 1994 Sereen Thaddeus da Deborah Maine, na jami'ar Columbia a Amurka, sun bayyana jinkiri uku da ke kashe mata wajen haihuwa: jinkirin yanke shawarar zuwa asibiti, jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Mai motar ɗaukar marasa lafiya da mai gyaran hanya suna da magani a kan na biyu. Na farko da na uku kuwa maganar mutane ce. Matar da aka wulaƙanta a haihuwar fari ba za ta yi saurin komawa a ta biyu ba, kuma za ta ba maƙwabtanta labari. Yarinyar da aka tarbiyyantar da kunya, wadda ta san abin faɗa ne a ji kukanta a kan gwiwa, za ta ɓoye naƙuda har sai abin ya yi nisa. A yankin da maza da yawa ke tafiya cin rani Abijan, Najeriya ko Libiya, wa ke da ikon cewa a tafi asibiti, wa ke riƙe da kuɗin mota? Babu na'urar da ke amsa waɗannan tambayoyi. Sai an zauna da mutane an tambaye su.

Haka ma maganar harshe. Ana koyar da ɗalibin jinya da Faransanci, sannan a tura shi inda ake jin Hausa, Tamajak da Fillanci. Uwa ta ce ɗanta na da shawara, kalma guda da ke iya rufe ciwon hanta, ko zazzaɓin cizon sauro da ya yi tsanani, ko wani abu dabam. Tsoho ya ce sanyi ne ko zahi, ko basir. Idan ma'aikaci ya yi dariya, ya rasa bayanin da zai kai shi ga cutar; idan ya iya bin kalmar da tambaya, ya samu rabin aikinsa. Jaffré da Olivier de Sardan sun yi littafi a kan irin waɗannan sunayen cututtuka na gargajiya a Afirka ta Yamma tun 1999. A Amurka, wata ma'aikaciyar jinya, Madeleine Leininger, ta karanci ilmin al'adun ɗan Adam, ta kafa fannin jinya mai la'akari da al'adar maras lafiya. Mu ma muna da namu abin koyi: makarantar koyon aikin kiwon lafiya ta ƙasa da ke Yamai na ɗauke da sunan Damouré Zika, ma'aikacin jinyar da ya yi shekaru yana aiki da Jean Rouch wajen nazarin al'adun mutanen bakin kogi, ya rasu a 2009.

Jami'ar Tawa, wadda aka kafa a 2010, na ɗauke da sunan Djibo Hamani, masanin da ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa, wanda ya fito a 1975. An fi saninta da fannin shari'a, tattalin arziki, gudanarwa da ilmin koyarwa. Wani zai ce to ina ruwanta da asibiti, tunda Yamai, Maraɗi da Damagaram ke horar da likitoci? Amsarmu ita ce binciken da muke nema ba na fiɗa ba ne. Haƙƙin maras lafiya maganar shari'a ce. Tafiyar da ma'aikata da sito maganar gudanarwa ce. Yadda ake horar da ɗalibi ya iya saurare maganar koyarwa ce. Kayan aikin duk suna nan a Tawa.

Saboda haka muna kira ga shugabannin jami'ar da hukumar kiwon lafiya ta jiha su zauna su tsara bincike mai ɗorewa a kan hanyar da maras lafiya ke bi daga Tebaram, Takanamat, Bambeye, Affala da Kalfu har zuwa gadon asibiti a Tawa. A tura ɗalibai ƴan yankin, masu jin harsunan jama'a. A sa ma'aikatan jinya da ungozomomi cikin masu binciken tun daga farko, domin wanda aka zo wa da fuskar ɗan sanda ba ya faɗin gaskiya. A nemo waɗanda ke aiki da amana a wurare masu wuya, a gano abin da ya riƙe su, a koya wa na baya. Kada a manta cewa tun kisan gillar da aka yi a yankin Tillia a Maris na 2021, wanda ya ci rayuka 137 bisa ƙidayar hukuma, ma'aikacin da ya yarda ya zauna a arewacin Adar yana aiki ne da ransa a hannu. Ya cancanci a saurare shi kafin a yanke masa hukunci.

Idan an gama, kada sakamakon ya kwana a ofis. A mayar da shi ga masu shi da Hausa da Tamajak da Fillanci, a gidajen rediyo, a majalisun ƙananan hukumomi, a gaban kwamitocin kula da asibitoci. A shigar da shi cikin darussan makarantun jinya, a kuma jarraba ɗalibi a kan tarba da bayani kamar yadda ake jarraba shi a kan allura.

Ku kuma ƴan kasuwa da ma'aikata, masu karatun wannan jarida, maganar ta shafe ku kai tsaye. Ku ne masu sanayya. Idan ɗanku ya kwanta, kun san wanda za ku kira, kun san hanyar Galmi, ta Yamai da ta Sakkwato, shi ya sa ba ku cika jin zafin layi ba. Amma ku ne kuma ake tasa da dare a ce an kawo ƴar uwa daga ƙauye, ku ne ke rufe shago ku biya mota da magani, wani lokaci har da likkafani. Attajiran Adar sun gina masallatai da azuzuwa, Allah ya saka musu. Ɗaukar nauyin ɗalibi guda na wata uku a karkara bai kai kuɗin ginin aji ba. Zaɓi ya rage gare ku: ku ci gaba da neman alfarma duk ranar da ciwo ya zo, ko ku taimaka a gyara ƙofar da kowa ke shiga.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu jinyarsu haƙuri, ya ba magabatanmu kunnen saurare.