Daga Bakin Allo: Turmin Ɗan Shekara Shida

A wannan watan maganarmu a kan bakin yara take.

Sau da yawa in malami ya ce wa uba haƙorin ɗansa ya yi kogo, amsar da zai ji ita ce, "Ai Malam na madara ne, in ya yi famfara wani zai fito." To, jama'a, ba kowane ne ke da madadi ba. Haƙoran madara 20 ne, na manya 32. Wajen shekara 6, daidai lokacin da yaro ke shiga ajin CP1, turmin farko na girma yake tsirowa can ƙurya, bayan na madara, ba tare da wani ya faɗi ba. Shi ya sa uwa ba ta lura da zuwansa. Wannan turmi da shi yaro zai ci tuwo har tsufa, in ya ruɓe kuwa shi ke nan.

Abin da ke cinye shi ba tsutsa ba ce kamar yadda kakanninmu ke faɗi. Ƙwayoyin cuta ne a baki suke cin sukari su mai da shi tsami, tsamin ya riƙa zaizaye haƙori. Yau yana buƙatar kusan rabin awa kafin ya wanke ɓarnar. Saboda haka yaron da ya tsotsi minti da safe, ya sha zoɓo mai zaƙi a hutun ƙarfe goma, ya bi ta shataletalen Liberté da cingam a baki, haƙorinsa bai huta ba ko kaɗan. Yawan maimaitawa ya fi yawan sukarin illa. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin da ya fi, kada sukarin babban mutum ya wuce ƙaramin cokali 6 a yini, balle yaro.

A ganina dala ashirin ɗin da ake danƙa wa yaro ita ce tushen abin. A ce masa ya sayi gyaɗa, ko ayaba, ko dafaffen ƙwai. Ko garba ma, wadda sunanta kansa namu ne, ta fi alawa riƙe ciki, in dai ba a tsuga mai ba.

Mu malamai a filin wasa muke gane mai ciwon haƙori. Ana ƙwallo, ana tsallen igiya, shi yana rakuɓe ya tallabe kunci. Bai ci ba, bai yi barci ba, ina ƙarfin gudu? Alhali hukumar nan ta ce yaro na buƙatar minti 60 na motsa jiki kullum.

A goge baki sau biyu, musamman kafin barci, da man goge baki mai fuloraid. Asuwaki ma yana da amfaninsa. Babba ya tsaya a kai har yaro ya kai shekara 7 ko 8. In an ga baƙin ɗigo a turmi, kada a cusa ƙwayar magani ko kanumfari a jira kumburi. Akwai likitocin haƙori a babban asibitin Treichville, akwai kuma makarantar koyon aikin haƙori a jami'ar Cocody.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.